Fiyanonka da Inna ta naɗe a zani

Zuwa ga yayana, marigayi Nasiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina sanar da kai na gama karatun lantarkin da ka dage in yi, yanzu ina gida Kura ina jiran bautar ƙasa. Amma maganar fiyanonka ce ta sa na rubuto, kuma raina a ɓace yake.

Tun ranar da aka kai ka makwanci Inna ta naɗe shi a zaninta, ta ɗora saman kabad, ta ce kada kowa ya taɓa. A wurinta girmama ka ke nan. Ni kuwa na san abin da ke ciki. Duk sautin da ka haɗa da hannunka wani ɗan batiri ne mai kamar maɓallin riga yake riƙe da shi. Ranar da batirin ya mutu, sautukan duk sun tafi. Sai an kunna na'urar an kwashe su, sannan a canza batirin.

Na yi mata wannan bayani har na gaji. Na kai kuka wurin Kawu, ya ce in bar tsohuwa ta huta, ai yara yanzu da waya suke kiɗa. Wani abokinka ma dariya ya yi, wai tsohon ƙarfe nake wa jinya. Su ne fa waɗanda suka yi rawa da shi a bukukuwansu, daga nan har Bunkure.

Ka tuna yadda kake dawowa daga gonar shinkafa, ƙafafunka duk taɓo, ka zauna a soro kana murɗa maɓallai har sai sautin ya koma kalangu? Kakan ce, "Mutanen da suka ƙera shi ba su san bikin Hausawa ba, sai mun koya masa." Da ranar da ka zauna kusa da turmi kana bin dakan Inna, ta kore ka da taɓarya, ka fita da kiɗan da aka fi nema a wurinka.

Shekaranjiya, ba tare da na sake roƙo ba, ta sauko da shi ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce in kai shi nesa, inda ba za ta ji ba, don in ta ji za ta leƙa soro.

Na kai shi injin casar shinkafa, inda ake da janareta. Na kunna. Kalangunka yana nan, Yaya, algaitarka ma haka, na kwashe su. Da na danna wurin dakan Inna, sai ƙara kawai. Na duba, na sake dubawa. Ya goge. Ban san yaushe ba, kuma rashin sanin ne yake cina: watakila makon jiya yana nan.

Ban faɗa mata ba. Da safen nan tana daka, na laɓe bayan katanga na ɗauki sautin dakan a waya. Hannunta ya rage sauri, ba yadda ka ji shi ba. Da shi zan gwada sake haɗa kiɗan, ko da yake ba ni da kunnenka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya bar mana Inna da ƙarfin hannunta.

Ƙaninka mai kewarka,
Auwalu