Ashe a wuya yake, Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba mai kai miki. Ina rubutawa ne kawai don bakina ya gaji da yi wa mutanen Zongo bayani.

Gida lafiya. An sake buɗe kasuwar Rood Woko bayan gobarar nan, amma rumfarki ta zannuwan rini wani mai sayar da waya ne a ciki. Jikokinki har yau in sun ga zane mai shuni sai su ce na Yaaba ne, yadda suke kiran ki.

Ciwonki ya kama ni, Inna. Ƙasusuwan nan, tsakuwar ƙoda, ƙishirwar da randa guda ba ta kashewa. Na fara dafa bango kamar ke, babur ɗina mobilet ma na daina hawa. Wanzaminki har ya zo da ƙahonsa zai tsaga mini gwiwa inda ya tsaga miki, na ƙi.

Likita ya auna jinina, ya ce ba a ƙafa ciwon yake ba. Wai akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuyan mutum, kowacce kamar ƙwayar shinkafa. In ɗaya ta haukace, sai ta riƙa kwashe ƙarfin ƙashi tana zubawa cikin jini. Gano ta shi ne aikin. Sun goga mini na'urar hoto ta ekografi a wuya, ba su gan ta ba. Suka buɗe ni, suka lalube, suka ɗinke ba su samo komai ba. Wallahi ranar na so in biyo ki, don gajiya kawai.

Sai 'yan'uwanki na Akra suka karɓe ni. Can aka yi mini wata allura da ke haskawa a na'ura, na kwanta ba motsi ana ɗaukar hoto, sai ga ɗigo ɗaya can ƙasa, daf da ƙashin ƙirji. Ranar tiyata ta biyu suka ɗura mini ruwa shuɗi ta jijiya don ya rine ƙwayar su gane ta. Rini fa, Inna! Da kina nan da kin tambaye su ko yana zuba.

Sun same ta. An nuna mini a kwalba, ba ta kai ƙwayar gurjiya ba, shuɗiya kamar faratanki. An ce wani lokaci ana gadonta, in kai yaran a auna su. Ko ita ce ta kwantar da ke, likita ma bai rantse ba. Amma ni na yi miki wanka. Na daɗe a kan gwiwoyinki ina shafa tabon ƙaho ina kuka, wuyan kuwa ruwa na zuba na wuce. Wa ke duba wuyan mai ciwon ƙafa?

Jiya na taka har kasuwar Sankaryaare ban dafa komai ba. Na zata zan yi murna. Duk hanya ke nake gani a kan tabarma, kina kallon ƙofar gida.

Huta, Inna. Allah ya haskaka kabarinki.

'Yarki Rakiya, mai tabo a wuya