Baba Yana Jiran Awon Bango

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikinka. Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta daina hawa bene yin shanya, ko da yake har yanzu a zaune take salla. Goggo tana tare da mu. Da niyyar kwana biyu ta zo, amma ka san kwana biyun Goggo. Baba ma lafiyarsa ƙalau. Zancensa ne ya sa na ɗauki biro, sai dai bari in faro daga tushe don kada in ruɗa ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Bakina ne ba ya buɗuwa fiye da kaurin yatsa. Haƙorin nan na can ƙurya, na ƙasa a hagu, wanda ya daɗe yana damuna, an cire shi a makon jiya. Hoton da aka ɗauka ya nuna a kwance ya fito, yana tokare da na gabansa, don haka sai da aka tsaga dasashi, aka raba shi gida biyu, sannan aka ɗinke wurin. Aikin ya yi kyau, babu zazzaɓi, jinin ma ya tsaya tun ranar. Da likita ya ga yadda na tsorata, sai ya ce ban da allurar kashe zafi zai sa mini maganin kwantar da hankali ta jijiya. Yaya, na san maganin nan. Na rubuta jarrabawa a kansa. Na san yana sakin harshe, kuma mutum ba ya tuna abin da ya faɗa. Duk da haka na miƙa hannu, alhali Baba ne zai tuƙo ni gida.

Ka san abin da ke tsakanina da kai. Tun da na gama karatun harhaɗa magunguna Baba ya raba shagon kafintancinsa biyu, ya ce ɓangaren da ke kallon titi nawa ne, in buɗe kantin magani. Da hannunsa ya yi kantocin, duk yamma bayan ya sallami masu aiki, har da ƙananan durowoyi masu hannun tagulla. Kai kuma ka nemo mini aikin da raina ke so, na ɗakin gwajin magunguna a can wurinku, aka ɗauke ni, Anti ta gyara mini ɗaki. Muka ce ni zan faɗa masa idan na samu lokacin da ya dace. Kullum in na shiga shagon da maganar a bakina, sai in tarar ya ƙara wani abu, sai in haɗiye ta in ce ya yi kyau.

Abin da zan faɗa yanzu ban tuna ko kalma ɗaya ba. Daga bakin Goggo na ji, don ita ce ta zauna kusa da ni a mota tana riƙe mini kai, kuma na sa ta maimaita har ta gaji da ni. Wai muna barin asibitin na fara surutu da auduga cike da baki. Na gaya wa Baba an ɗauke ni aiki, na faɗi watan tafiya, na faɗi cewa kai ka shirya komai, har launin labulen da Anti ta rataya mini sai da na faɗa. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Wai sai na ce kantocin suna da kyau, amma duk ƙusar da ya buga a jikinsu ji nake kamar ni ake kafewa a bango. Na faɗa ina dariya, Yaya. Goggo ta ce ta mintsine ni a cinya, na ce mata ba na jin zafi. Baba ya ci gaba da tuƙinsa. Ya dai wuce kwanar gidanmu sai da ya juyo, sannan ya tsaya ya sayi ƙanƙara.

Washegari na farka da kumatu kamar na ɓoye lemo, ban san na yi komai ba. Abin da na fara lura da shi, Baba ya daina ce mini Uwata. Kai shaida ne, tun ina goye haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa da aka sa mini. Yanzu sai dai ya tambayi Inna ko mara lafiyar ta sha magani. Da na matsa wa Goggo ta fayyace mini komai, ta ƙara da cewa ita da ta san akwai irin wannan allura a duniya, da tuni ta sa an yi wa marigayi mijinta, ta ji inda yake tsayawa kafin ya iso gida. Inna ta yi dariya, ni kuwa kuka na so yi, shi ma muƙamuƙin ya hana.

Da faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Maimakon haka shi ya karɓi jinyar. Ya haddace duk dokokin likita ya fi ni tsare su: kada in zuƙi abu da bututu, kada in tofar da yawu da ƙarfi, kada in sha mai zafi, kurkurar ruwan gishiri ma a hankali. Shi ke naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗaure mini a kunci. Da ya ga cokalin gida ba ya shiga tsakanin haƙorana, yogot yana zubo mini a haɓa, sai ya fita. Can ya dawo da ɗan cokali siriri, shimfiɗaɗɗe, wanda ya sassaƙa ya goge da sanfefa har ya yi santsi kamar gilashi. Da shi nake shan romo da dankalin da Inna ke marmasa mini. Sau ɗaya na riƙe hannun rigarsa zan ba shi haƙuri, abin da ya fito gunaguni ne da yawu. Ya zare hannunsa a hankali, ya ce likita ya hana yawan magana.

Daga nan na fara jin wata ƙara. Ka san bango ɗaya ya raba ɗakina da shago, kuma duk wanda ya tashi a gidan nan ya san bambancin kukan ƙusa mai shiga da mai fita. Wannan mai fita ce. Ɗaya bayan ɗaya yake zare su, ba da fushi ba, yana ajiyewa a gwangwani. Ina kwance da kumburin da ya fara komawa rawaya, ina jin ana kwance kantocina. Har na yanke cewa zan fasa tafiyar. Na gaya wa Inna da hannu da ka, ta ce in bari in warke tukuna, ba a yanke shawara da kumburarren baki, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Jiya da la'asar ya shigo da ƙanƙarar, ya ɗaure mini, amma bai fita ba. Ya jawo kujerar tsuguno ya zauna, da fensir a bayan kunne da garin katako a gira. Ya ce tunda Allah ya rufe mini baki na ɗan lokaci, yau shi zai yi magana ni in saurara. Ya ce ya daɗe da jin akwai wani abu, domin wanda aiki ya burge hannu yake kaiwa ya shafa, ni kuwa da baki kawai nake yabo, ban taɓa jan durowa ko ɗaya ba. Ya ce tafiyata ba ita ta taɓa shi ba, ai don a tafi ake karatu. Abin da ya tsaya masa shi ne 'ya'yansa biyu sun zauna sun yanke cewa ubansu mutum ne da ba a gaya wa gaskiya sai an sha magani. Ya tambaya ko ya taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu don ya faɗi gaskiya. Na girgiza kai. Sai ya ce shi ma da nasa laifin: shekarunsa nawa yana koya wa mutane a auna kafin a yanka, ga shi ya yanka katako bai auna 'yarsa ba.

Ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa, sai ya ce katakon mai kyau ne, ba zai bari ya lalace ba. Mai aikin gwaji ai tana da littattafai. Wai in gaya wa yayana ya auna masa bangon ɗakin da aka gyara mini, faɗi da tsayi, da inda taga take, da inda makunnin wuta yake.

Bai ce ya yafe ba, Yaya, kuma bai ce Uwata ba. Ni ma ban samu bakin roƙo ba tukuna. Jibi za a cire zaren ɗinkin, kuma duk yadda bakin ya buɗu, maganar farko tasa ce. Laifin jinkiri nawa ne ni kaɗai, ban ɗora maka ba, ina kuma neman afuwarka da na jefa ka a ciki ba ka nan. Amma don Allah kada ka aiko da awon ta hannuna ko ta hannun Inna. Ka kira shi da kanka. Bayan la'asar ya fi, lokacin ya kashe injin zarto, zai ji ƙarar waya.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce na gode da labulen ko da ya tona mana asiri. Ka shafa mini kan Babba da Ƙarama. Inna tana sa muku albarka, Goggo ta ce ka shirya kunnuwanka, ita ma tana da nata kason. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne ka auna da tef, kada ka auna da taƙi, don ya san halinka.

Wassalam,
Ƙanwarka.