Awon Karanshaf na Motar Baba

Makarantar Firamare, Sabon Gari,
Jega, Jihar Kebbi.
14 ga Janairu, 1993.

Zuwa ga Yayana Sharif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali a can Yamai. Mu nan duka lafiya lau. Inna ta warke daga ciwon ƙafar da ya dame ta, har ta je Gumbin Kure suna. Baba kuwa jiki da sauƙi, sai dai idanun sun tafi gaba ɗaya, ko hasken rana ba ya rarrabewa.

Yaya, dalilin takardata shi ne tsohuwar Fijo 403 ta Baba, wadda ta shekara tara a rumfa ba ta motsa ba. Watan jiya Baffa Gado ya zo da masu sayen tsohon ƙarfe, ya ce a ba su ita su farfasa, domin yana son rumfar ya zuba albasa. Baba ya ƙi cin abinci ranar. Ka san shekara ashirin ya yi yana tuƙa motar wasu kafin ya mallaki wannan. Na durƙusa na roƙi Baffa ya ba ni lokaci. Ya yi dariya, ya ce yaushe malamar lissafi ta zama bakanike, amma ya yarda zuwa ƙaramar Salla.

Na kira Malam Tamu, mai injin sassaƙar ƙarfe a bakin kasuwa, ya kwance injin. Ya ce abu biyu suka kashe ta: bututun da bawul ke shiga sun buɗe, kuma karanshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, ya cinye. Kayan irin wannan mota sun ɓace a kasuwa, an duba har Sakkwato babu. Ya ce zai iya sassaƙa bututun ya kuma gyara sandar, amma ba zai taɓa ba sai ya ga zane da awon asali, don tsofaffin sun lalace, in ya auna da su zai maimaita lalacewar ne kawai.

Daga nan na shiga nema. Duk ranar da babu makaranta ina hanya. A Maiyama aka ce in je Karaye wurin wani tsohon bakanike, na tarar ya rasu bara, iyalinsa kuma sun daɗe da kunna wuta da takardunsa. Matarsa ce ta tura ni Aliero wurin Alhaji Isa, abokin tuƙin Baba na da. Da ya ji ɗiyar wa ce ni, ya sa aka sauko da akwatin ƙarfe, ya ciro littafin injin da Faransanci. Yaya, nan take na karɓa na buɗe. Sai dai gara ta cinye tsakiyarsa, daga shafi na arba'in zuwa na hamsin da biyu, kuma nan ne awon karanshaf yake. Shafin bawul ya tsira. Ba na jin Faransanci, amma lamba lamba ce. Na zauna a zaurensa na kwafe zanen da rula da fensir, layi bayan layi.

Da wannan kwafi Malam Tamu ya sassaƙa bututu takwas. Na kai wa Baba ɗaya, ya daɗe yana juya shi a yatsunsa, ya zura bawul ya zaro, sannan ya ce wannan aiki ya yi. Rabona da jin muryarsa haka tun kafin idanun su tafi.

Saura rabi, kuma yana hannunka. Alhaji Isa ya ce irin wannan mota ta fi daɗewa a ƙasarku, ba za a rasa littafin a tsofaffin gareji ba. Don Allah ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In mai shi ya ƙi sayarwa, a ɗauki hoton shafukan nan goma sha uku, ko ka kwafa da hannu, kada ka bar ko ɗigo ɗaya, don ɗigo na canza awo. Ga lambar injin nan a ƙaramar takarda, na ɗora ta a kan ƙarfen na goga fensir. Ka ba direbobin Kamba ta kan iyaka su kawo, sun fi gidan waya sauri. In kuma ba ka samu ba, ka faɗa mini da wuri, zan nemi izinin maigidana in zo Yamai da kaina mu nema tare.

Ka gaida Anti Munira, da Salma da Khalil. Inna da ƙanwarmu Gudiya suna gaishe ku. Na karanta wa Baba takardar nan kafin in rufe, ya ce in ƙara maka cewa shi ba ya neman a kai shi ko'ina. A tayar da ita kawai, ya zauna a gefe ya ji ƙararta.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Zaituna Kalilu.