Wuƙar Yaron Nan

Litinin, 5 ga Yuni, 2023

Direban motar ya kawo jakar yaron nan yau, bayan an yi sadakar arba'in. Riga biyu, caja, carbi, sai wuƙar nan. Adama ta rungume rigunan ɗanta tana kuka. Ni aka miƙo wa wuƙar.

Na tuna ranar da ya sayo ta a Funtua. Ya zaro ta daga kube a tsakar gida, baki har kunne: "Baba, ta shiga daji ce, tana sara, tana yanka, tana tsaga itace." Na ce ta yi wa wuƙa nauyi, ta yi wa adda gajarta. Dariya ya yi. To ga shi ɓarayin daji sun tare motarsu tana cikin jakarsa, me ta hana? Na jefa ta bayan buhunan taki. Ba na son ganinta.

Juma'a, 9 ga Yuni

An yi ruwa, ƙasa ta jiƙa. Na yi huɗa da Ɗan Bakori da Fari. Ɗan Bakori san yaron nan ne, yana maraƙi ya sayo shi, shi ya horar da shi jan garma. Har yanzu in ya ji babur a ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Shi kaɗai ya rage mini mai numfashi daga yaron nan. Ana ta ce mini in sayar, wai shanu yanzu kiran ɓarayi ne. Su sayar da nasu.

Laraba, 14 ga Yuni

Na tarar da Adama tana tsaga itace da wuƙar. Ta ɗora kaifin a kan gungume, ta buga bayan wuƙar da wani icen, ya rabe biyu. Na ce ta mayar. Ta ce, "Malam, ƙarfe ne fa, ba ita ta kashe shi ba."

Da ta shiga ɗaki na ɗauka na duba. Kaurin bayanta ya kusa ƙaramin yatsana, ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe. Ko ɓantarewa kaifin bai yi ba. Dubawa kawai na yi.

Talata, 20 ga Yuni

Yaron nan ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kamawa ba, haka muka taso. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi.

Laraba, 28 ga Yuni, Babbar Sallah

Da tsohuwar wuƙata na yanka ragon layya. Sai da na ja har sau uku, Allah Ya yafe mini. Bara shi ya riƙe mini ƙafafu.

Asabar, 8 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safe Ɗan Bakori ya tsinke igiya ya faɗa gonar Maitama da ke bayan gida. Dawa ce sabuwar tsiro, ko gwiwa ba ta kai ba, irin wadda ke kashe dabba. Kafin in kai ya cika ciki. Ban kai shi turke ba ya durƙushe, cikinsa ya kumbura kamar salka. Na aika aka kira Jibo daga ruga, shi ya san shanu. Muka ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa, a banza.

Jibo ya ce a huda gefen hagu iska ta fita. 'Yar wuƙarsa ta yankan igiya ce, fatar sa ta fi ƙarfinta. Na yi ihu a kawo wuƙa. Adama ta fito da gudu ko mayafi babu, kuma wuƙar yaron nan ta ɗauko. Jibo ya ɗora tsinin, ya danna sau ɗaya, ta shige. Iska ta fito da ƙara, cikin ya saɓa. Wallahi har na fara hamdala.

Sai ƙafafun suka fara rawa, idon ya juye. Jibo ya taɓa kunnensa ya ce, "Malam Shitu, dafin ya riga mu. Yanka." Na ce mu ɗan jira. Ya ce, "In ka jira, mushe ne. Karnuka za ka ba?" Na ce to shi ya yanka. Ya kama ƙahon, ya juya kan gabas, ya ce, "Naka ne."

Na karɓa. Nauyinta ne ya yi aikin, ba hannuna ba. Na yi bisimilla, ja ɗaya. Bai sha wahala ba. Wannan kaɗai nake riƙewa.

Lahadi, 9 ga Yuli

Mahauta sun zo da ciniki, na sallame su. Jibo ya sa aka binne kayan ciki, naman kuma an raba gida-gida sadaka, ladan ga mai shi. Da wuƙar aka datse ƙasusuwan, har na cinya. Mu ba mu ci ba. Fari yana ta kuka a turke.

Juma'a, 21 ga Yuli

Maitama ya ara mini sansa, mun ƙarasa huɗa. Ba su saba da Fari ba, kunyoyin sun karkace.

Na wanke wuƙar, na wasa, na shafa mata mai, na ɗinke bakin kuben. Yau da ita na je gona a ƙugu. Ƙotar addata ce ke girgiɗi, shi ne kawai dalili. Har yanzu ina nan a kan bakana, ta yi nauyi.

Da na dawo Adama ta tambayi abin da zan sare reshen darbejiyar da ya sauko kan danga da shi. Na ce mata da wuƙar Mahadi. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Na wuce na ba Fari ruwa.