Tayar Motar da Na Ɗinka wa Sojojinka

Zuwa ga Mai Girma Kwamandan bataliyar da ɗana, Kofur Sama'ila, yake aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da takalmanka masu ƙyalli.

Ni baduku ne a kasuwar Tsanyawa, shekara talatin ina ɗinka wa manoma takalmin taya. Yau kwana goma sha tara ɗana yana tsare a gadurum, an ce korarsa za a yi, wai ya ɓata kayan gwamnati. Matarsa da 'ya'yansa uku suna gidana, ga rumbuna ba zai kai mu damina ba.

Na ɗaya: da ya zo hutu bayan girbi, takalminsa ya wage baki, babban yatsa a waje. Ya ce shekara biyu ba a raba musu sabo ba, an zaftare kasafi. Raina ya ɓaci. Na yanko tayar mota na ɗinka masa a ƙasa, yadda nake yi wa mai huɗa.

Na biyu: da abokan aikinsa suka gani, sai suka cusa nasu a buhun taki suka aiko a motar haya, ƙafa tara. Ko sisi ban karɓa ba. Yaran nan ba su yi bore ba, ba su gudu ba. Haɗiye takaicinsu suka yi, suka nemi baduku.

Na uku: lokacin da ƙaya take huda su, ranka ya daɗe, idonka bai gani ba. Sai ranar fareti, da manya suka zo daga hedikwata suka ga sawun taya a filinka suka yi tambaya, sannan ka san akwai doka. Tabarmar kunya ce kake naɗewa da hauka, kuma wallahi na raina wannan jarumtar.

Buƙatata biyu. Ka saki Sama'ila ya koma bakin aikinsa. Idan hukunci ya zama dole, ɗinkin nawa ne, kowa ya san rumfata. Sannan na ji zaftarewar ba ta hana a canza wa motarka tayoyi ba. A aiko mini da tsofaffin, za su ishi sauran yaranka.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ƙafarka daga ƙaya, don na san ba za ka jure ba.

Wassalam.

Mahaifin Kofur Sama'ila,
Tsanyawa.