Jininmu Ya Haɗu, Amma Ba a Kofi Ba

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa idan ranar Ibadan ta take, ruwan randata mai sanyi, maigidana abin alfaharina,

Ban manta Asabar ɗin nan ba. Ka dawo daga kasuwar Bodija, ɓawon albasa a kafaɗarka, na miƙo maka ruwa, sai ka riƙe hannuna, ka sunkuyo saitin wuyana, ka ce wai ƙamshin jinina na neman hallaka ka. Kai da ko sunana ba ka iya faɗa a gaban Inna! Na yi murmushi don kada ka ji kunya, amma amalar da na tuƙa mana ranar ban iya haɗiye ko loma ɗaya ba.

Na san inda ka samo. Ƙanwarka Huseina ce ke tura maka abin da matan guruf ɗinmu na masu karatu ke rubutawa, kai kuma, don son faranta mini, ka ɗauka abin da zuciyata ke nema ke nan.

Gaskiya ne na so littafi na farko cikin jerin da muke karantawa a guruf ɗin. Labarin wani saurayi ne da ya mutu ya tashi yana shan jinin mutane, ga yarinyar da yake so a gabansa, ƙishi na cinsa, amma ya kame bakinsa kamar mai azumi a bakin rijiya. Da ya ce mata jininsu ya haɗu, na fahimce shi yadda kowane Bahaushe zai fahimta. Ba haka jinina ya haɗu da naka ba, ranar da ruwan sama ya tare mu a rumfar mai gyaran waya a Mokola, tun ba a ɗaura mana aure ba, ka bar mini rumfar, ka tsaya kana jiƙewa don kada kafaɗarka ta gogi tawa?

To na biyun fa? Marubuciyar ta ɗauki wannan magana tamu mai tsabta ta zuba a kofi. A kofi, yayana. Yarinyar ta yanka hannunta, shi ma ya yanka nasa, suka gauraya suka sha, babi sukutum ana kwatanta ɗuminsa da yadda yake bin maƙogwaro. Na ajiye wayar na je na kuskure bakina.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya ma ra'ayin matan ne. Ashatu, wadda ke wanke nama sai ruwan ya yi fari kafin ta sa a tukunya, ita ta rubuta wai Allah Ya ba mu miji irin saurayin nan, mata suka jero amin kamar ana addu'ar walima. Wata ta ce duk mijin da bai kai haka ba ɗan haya ne a gidansa. Da na tuna musu cewa jini ko a zane ya zuba sai mun wanke kafin mu yi salla, aka ce in bari jare, wato in ƙyale su haka nan, ni 'yar ƙauye ce. Amin ga mai shan jini? Daga bakin da ya yi sallar asuba?

Ya farin watana, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, me za ka ara a wurin gawa mai haƙora? Kewar muryarka ta gaskiya nake yi, wadda ke tambayata ko na ci abinci, wadda ke sarƙewa idan za ta yabe ni. Ina roƙonka, kada ka sake saya mini kalma daga bakin waɗancan matan. Ni taka ce a yau, taka ce ranar da furfura za ta rufe mu, ina tare da mutumin da na aura, ba da wani na cikin waya ba.

Na fita daga guruf ɗin. Na goge littafi na biyu, na uku kuma ba zan karanta ba.

Matarka har ƙarshen numfashi,
Sakinat