Wayar Mahaifiyar Amarya

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Abokan aikina biyu sun yi aure a wata ƙasa, na je. Mahaifiyar amarya ba ta samu biza ba, sai aka ba ni waya in riƙe mata ta kalli bikin ta bidiyo. Awa biyu hannuna na sama har ya sage, tana ta cewa, "'Yar nan, matsa kusa, ban ga fuskarta ba."

Na yi kuka, aka ɗauka na murna ne. Ke na tuna, shekara huɗu kina ce wa Auta ta matso miki da wayar.

Na nemi hutu, ba a amsa ba tukuna. Ki sa ni a addu'a, Inna. Na gaji da ganinki ta gilashi.

'Yarki